Wace ƙaramar kyamara ce ta dace da ɗaukar hoton gizo-gizo a lambunan Sakkwato?

Mai son ɗaukar hoton gizo-gizo daga kusa, wanda kuma ba ya son yawo da jaka mai nauyi, yakan tsaya ne tsakanin abu huɗu: ya maƙala wa wayarsa ɗan gilashin ƙara girma, ko ya sayi ƙaramar kyamara mai jure wahala irin Tough TG-7, ko ya nemi kyamara mai dogon zuƙowa ya ɗora mata gilashin ƙara girma na Raynox, ko kuwa ya shiga sahun masu kyamarar da ake sauya wa gilashi. Akwai ta biyar da mutane ke yawan tambaya a kanta, wato Sony RX100, ita ma za mu taɓo ta. Amma kafin a kai ga sunayen kaya, gara a san abin da aikin yake nema, don yawancin masu sayarwa ba su da zance sai na megafiksel, alhali ba shi ne ke fito da idon gizo-gizo ba.

Abin da za a auna

Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin bakin gilashi da jikin gizo-gizon a lokacin da ya cika hoto. A kwalin kaya za ka ga an rubuta cewa kyamara tana kusantar abu har santimita 1, kamar wani abin yabo. Ga tsabar kuɗi ko ƙwayar iri, abin yabo ne. Ga abu mai rai kuwa matsala ce. Babbar gizo-gizon nan mai ratsin rawaya da baƙi, ta dangin Argiope, wadda ke zama a tsakiyar saƙarta kai a ƙasa, ƙafafu bibbiyu a haɗe, da farin zare mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiyar saƙar, da zarar ka taɓa zare ɗaya za ta hau girgiza saƙar gaba ɗaya, ko ta saki jiki ta faɗa cikin ciyawa. Ƙaramin mai tsalle da ake gani a bango da gindin dogon yaro, irin Menemerus da Plexippus, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 1 ba, shi juyowa yake ya zuba maka manyan idanunsa biyu na gaba, in ka matso da yawa ya dira a kan gilashin. Tazarar santimita 8 zuwa 20 ita ce ke ba ka damar aiki a natse.

Na biyu haske. Idan ka kusanci abu sosai, wurin da ke fitowa tar a hoton yakan zama siriri ƙwarai. A kyamarar Micro Four Thirds, wato wani nau'in da ake sauya wa gilashi, in girman abu a kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ya yi daidai da girmansa na zahiri, abin da ake rubutawa 1:1, kuma ƙofar haske tana f/8 (lambar na ƙaruwa, ƙofar na tsukewa), kaurin wurin da zai fito tar kusan rabin milimita ne, kamar kaurin farce. Ido ya fito, ciki ya yi dishi-dishi. Don a ƙara wannan kaurin sai an tsuke ƙofar haske, tsukewa kuma tana cinye haske, shi ya sa a ƙarshe kowa ke komawa ga filasha. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowace kyamara ita ce: tana da hanyar kai hasken filasha mai laushi gaban gilashi, ko ita da kanta take yi wa abin inuwa?

Na uku ƙura da zafi, kuma a nan Sakkwato ta bambanta da wuraren da ake rubuta yawancin sharhin kyamarori. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga duk inda iska ke shiga. A Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, alhali yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kyamarorinsu na aiki ne zuwa digiri 40. Kyamarar da gilashinta ke fitowa yana komawa tana zuƙar iska a kowace kunnawa, iskar kuma da ƙurarta take shiga.

Sai nauyi, sauƙin koyo, farashi, da abin da zai faru in ta lalace. Farashin da za a kawo a nan na dala ne a lokacin da kayan suka fara fita, don naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Irin waɗannan kaya kuma sau da yawa sai an aiko da su daga Kano, Abuja ko Legas, to a lissafa da kuɗin mota.

Waya da gilashin maƙalawa

Ita ce mafi araha, kuma tana aljihunka. Sai dai a bambanta abu biyu. Wayoyi da yawa masu matsakaicin kuɗi suna zuwa da ƙaramar kyamarar makro, wato ta ɗaukar abu daga kusa, mai megafiksel 2, wadda ba ta daidaita fokas, sai kai ka matsa zuwa wajen santimita 4. Hotonta 1600 sau 1200 ne kawai, launinsa a kode, gashin ƙafar gizo-gizo ya narke ya zama laka. Kada ka sayi waya saboda wannan. Manyan wayoyi kuma, irin iPhone 13 Pro na 2021 da waɗanda suka biyo baya, suna amfani da kyamara mai faɗi wadda ke kusantar abu har santimita 2. Hoton yana da kyau, amma a wannan tazarar wayar ta rufe rana, kuma Argiope ba za ta jira ka ba.

Abin da ya fi shi ne gilashin maƙalawa a kan babbar kyamarar wayar. Na roba yana da araha, tsakiyarsa kawai ke fitowa, gefe ya yi bakan gizo. Na gilashin gaske yakan kai dala 20 zuwa 40. Lambobin da ake bugawa a jiki, 10x ko 25x, kada ka ɗauke su da muhimmanci. Abin tambaya shi ne daga tazara nawa yake aiki, ka zaɓi mafi nisa. A cire rigar waya kafin a maƙala, a tabbata ya hau tsakiyar ido sosai, a kuma kashe sauya kyamara da wayar ke yi da kanta, in ba haka ba za ta koma wani ido ka ga allo ya yi baƙi. Ka kulle fokas, sannan ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali kana ɗauka a jere.

Rauninta haske ne. Fitilar waya ba filasha ba ce, ba ta daskarar da motsi, kuma tana can gefe. Sai da safe a wuri mai haske, ko wani ya riƙe maka tocila da farar takarda a gabanta. A bazara kuma wayar kan ɗau zafi ta dusashe allo ko ta rufe kyamarar gaba ɗaya.

Tough TG-6 da TG-7

TG-6 ta fito a 2019 da sunan Olympus a kan kusan dala 450, TG-7 kuma a 2023 da sunan OM System a kan kusan dala 550. A wajen hoto kusan abu ɗaya ne: megafiksel 12, ƙaramar sensa, zuƙowa ninki 4, nauyi wajen giram 250. Bambancin da za ka ji a hannu shi ne TG-7 tana caji da USB-C, wato igiyar wayarka da fawa-bankinka sun ishe ta ranar da babu wuta.

Wannan ita ce kyamarar da ƙura ba ta dama. An yi ta don nutso har mita 15 da faɗuwa daga mita 2.1, gilashinta a ciki yake motsi, ba ya leƙowa waje. Ka dawo daga fadamar Kwalkwalawa ta yi futu-futu, ka tabbata murfin batir da na igiya a kulle suke, ka ɗauraye ta a ruwa mai tsabta, shi ke nan. Wurin da ake yin sakaci shi ne robar bakin murfin: ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi in ya kwanta a kai, ruwa zai shiga, don haka a duba kafin a rufe.

Tana da tsari mai alamar madubin likita wanda ke aiki daga santimita 1, kuma zuƙowa na aiki a cikinsa. Dabarar ita ce kada ka bi ta santimita 1 ɗin. Ka zuƙo har ƙarshe, ka tsaya a santimita 4 zuwa 8, za ka sami mai tsalle ya fito da girma mai kyau ba tare da ka kore shi ba. Ƙanƙantar sensar a nan alheri ce, don wurin da ke fitowa tar ya fi na manyan kyamarori kauri. Sai ka haɗa da FD-1, zoben da ake murɗawa a gaba wanda ke karkato hasken filasha ya zagaye gilashin. Akwai wani zoben, LG-1, mai aiki da fitilar LED. Wannan na abin da ba ya motsi ne, ga gizo-gizo FD-1 za ka nema. In ba ka sayi FD-1 ba, rabin amfanin kyamarar ka bari a kanti.

Tana iya ɗaukar hotuna da yawa a jere, kowanne da fokas daban, ta haɗa su wuri ɗaya a cikinta. Wannan yana kyau ga gizo-gizon da ya lafe a bango ko ƙwanson ƙwai, amma a kan saƙa mai kaɗawa sai ka ga ƙafa ta zama biyu.

Abin da za ka haƙura da shi: ba ta da wurin leƙawa da ido, allo kawai, allon kuma ba ya juyawa, da rana ta ɗaga a Sakkwato da ƙyar za ka ga abin da kake ɗauka. Ba ta ba ka cikakken iko a kan saurin ɗauka. Da ISO, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, ya haura 400 hoton ya fara yashi-yashi, sannan ganye da karan da ke bayan gizo-gizon ba sa narkewa sosai, sai ka nemi kusurwar da bayan ke da nisa.

Mai dogon zuƙowa da gilashin Raynox

Wannan hanya ba a cika saninta ba a nan, kuma a ganinmu ita ce ta fi biyan kuɗinta. Misali Panasonic Lumix FZ300, wadda ta fito a 2015 a kan kusan dala 600: zuƙowa daidai da 25 zuwa 600mm, f/2.8 tun daga farko har ƙarshe, jiki mai kariya daga ƙura da fantsamar ruwa, wurin leƙawa da ido, allo mai juyawa, filasha a kai, nauyi giram 691. Bakinta 52mm ne, Raynox kuma yana zuwa da matsewa mai kama baki daga 52 zuwa 67mm, cikin daƙiƙa biyu ka ɗora ko ka cire. Kuɗin Raynox bai kai dala 100 ba.

Iri biyu ne. DCR-250 mai ƙarfin +8 yana aiki daga wajen santimita 11 zuwa 12. In ka zuƙo FZ300 har ƙarshe, abin da zai cika hoton faɗinsa wajen milimita 7 ne, wato fuskar mai tsalle da idanunsa. DCR-150 mai ƙarfin +4.8 yana aiki daga wajen santimita 20, faɗin ya kai kusan milimita 12. Kyawun abin shi ne tazarar kusan ba ta canzawa: kana tsaye wuri ɗaya, zuƙowa ce ke ƙara girma ko rage shi. Mai farawa ya ɗauki DCR-150. Da yawa suna rugawa ga 250 saboda lambarsa ta fi girma, sai su kasa ko gano inda gizo-gizon yake a allo, su ajiye shi a akwati. Ga Argiope da saƙarta duka kuwa, cire Raynox za ka yi, ka ja baya kamar mita 1 ka zuƙo.

Abubuwan da ke ɓata aiki sanannu ne. In ba ka zuƙo sosai ba, baƙin zobe zai bayyana a gefen hoto. In ka fita daga tazarar da gilashin ke aiki, kyamarar za ta yi ta neman fokas ba ta samu; jikinka za ka motsa, ba maɓalli ba. Filashar kai kuma dogon gilashin yana tare ta, sai an yi mata mataci mai tausasa haske: ka sami farin soson da ake naɗe kayan lantarki da shi, ka yanka faɗin tafin hannu biyu, ka huda rami a ƙasansa ka zura bakin gilashin, ya tsaya a gaban filashar yana ɗan rusunawa kan gizo-gizon. Fara da f/8, saurin ɗauka 1/250, ISO 100, ka duba, ka rage ko ka ƙara ƙarfin filasha. Sensarta ƙarama ce kamar ta TG, don haka kada ka sa ran buga babban hoto na bango. Ba ta kuma shiga aljihu.

Sony RX100

Kyamarar tafiya ce ta gaske, sensa mai inci 1, megafiksel 20, nauyi wajen giram 300. Amma ba don wannan aikin aka yi ta ba. RX100 VII ta 2019, mai kusan dala 1,200, tana kusantar abu ne zuwa santimita 8 a faɗi, in ka zuƙo har ƙarshe sai mita 1. Ba ta da zaren ɗaura gilashi a baki sai an manna mata adafta, ba ta da kariya daga ƙura, gilashinta kuma mai fita da komawa ne. Wanda ya riga ya mallake ta zai iya ɗaukar Argiope ya yanko hoton. Wanda zai saya saboda gizo-gizo, ya kai kuɗinsa wani wuri.

Micro Four Thirds da gilashin 60mm

A nan hoto mafi kyau yake, a nan kuma kashe kuɗi da koyo suka fi yawa. Gilashin M.Zuiko 60mm f/2.8 Macro ya fito a 2012 a kan kusan dala 500, nauyinsa giram 185, yana kai 1:1 inda abu mai faɗin milimita 17 ke cika hoto, kuma a lokacin akwai wajen santimita 8 tsakanin bakinsa da gizo-gizon. Ba ya tsawo in yana neman fokas, yana da kariya daga ƙura, a gefensa kuma akwai ɗan maɓalli da ke taƙaita nema tsakanin mita 0.19 da 0.4, abin da ke hana shi yawo.

Jikin kyamarar da za a ɗora shi a kai shi ne abin tunani. E-M10 Mark IV mai giram 383 ta fi araha, kusan dala 700 a 2020, amma ba ta da kariya daga ƙura. E-M5 Mark III da OM-5, masu giram 414, suna da ita, suna kuma haɗa hotuna masu fokas daban-daban a cikinsu. OM-5 ta fito a 2022 a kan kusan dala 1,200. Ga wanda zai yi aiki a hunturu, E-M5 Mark III ta hannu ta fi sabuwar E-M10. Sai ƙaramar filasha irin Godox TT350 mai alamar O, wato wadda ta dace da waɗannan kyamarori, da mataci. Saitin farawa: f/8 zuwa f/11, 1/200, ISO 200, filasha a kashi ɗaya cikin takwas. Kada ka wuce f/13, daga nan hoton laushi yake ƙarawa maimakon kaifi.

Haɗarinta ɗaya ne babba: cire gilashi a fili. A sauya a ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa. In za ka sayi gilashi na hannu, musamman wanda ya zauna a Legas, ka haska shi da tocilar waya ta baya ka duba ko akwai farin zare-zare na fumfuna a ciki, don laimar can tana haifar da shi kuma yana yaɗuwa.

| Zaɓi | Nauyi | Tazarar aiki | Haske | Ƙura | Koyo | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Waya da gilashi | wayarka | santimita 2 zuwa 5 | rauni | daidai | sauƙi | dala 40 ko ƙasa |
| TG-6 ko TG-7 da FD-1 | giram 250 | 1 zuwa 8 | mai kyau | ba ta shiga | sauƙi | 450 zuwa 550, ban da zobe |
| FZ300 da Raynox | giram 750 | 11 ko 20 | mai kyau da mataci | da kariya | matsakaici | wajen 700 |
| RX100 VII | giram 300 | 8 a faɗi | rauni | babu kariya | sauƙi | 1,200 |
| OM-5 da 60mm | giram 600, ban da filasha | 8 zuwa sama | mafi kyau | da kariya | sai an dage | 1,700 zuwa sama |

A cikin lambun

Ko wacce ka saya, lokaci yana gaba da ita. Daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe 8 iska a kwance take, raɓa ta fito da zaren saƙa, gizo-gizon ma bai warware ba. Ƙarshen damina zuwa kaka, Satumba da Oktoba, shi ne lokacin da manyan matan Argiope suka cika. Tsakiyar fangalin albasa ko tumatir da ake yi wa feshi ba ya tara komai. Ka bi shinge, gindin zogale da lalle, ciyawar bakin rafi, da furen kuɓewa inda farare ko rawayen gizo-gizo masu tafiya a karkace ke laɓewa suna jiran ƙudan zuma. Ka yi wa mai lambu sallama, ka ce, "Baba, hoton gizo-gizo nake so in ɗauka a bakin shingen nan, in ba damuwa," kuma kada ka taka fangali.

Ka sa allon kyamara ya yi daidai da shimfiɗar jikin gizo-gizon, don yawancin jikin ya faɗa cikin siririn wurin nan mai fitowa tar. Fokas a kan ido. In iska na kaɗa reshe, ka riƙe shi da hannun hagu ka jingina bakin kyamarar a kan wannan hannun, su riƙa motsi tare.

Da dare, in ka riƙe tocila kusa da idonka ka haska ƙasa, za ka ga ɗigo-ɗigon haske suna ƙyalli; idanun gizo-gizo masu farauta a ƙasa ne, macensu takan goya 'ya'yanta a baya. Amma daren fadama na kunama da kububuwa ne ma, sai da takalmi mai rufi, kuma ba a zura hannu ƙarƙashin dutse ko tulin kara. Haka in ka ga ƙwanson ƙwai mai ƙayoyi a ƙasan bokiti ko kujera, da gizo-gizo mai ruwan ƙasa da tabon ruwan goro a ƙasan cikinta, tana da dafi. A ɗauke ta daga nesa. Kyamarar kuma kada a bar ta a mota ko akwatin babur da rana, batir yana kumbura. Ƙurar gilashi a hure ta da robar hura iska tukuna, goge ta da bakin riga yana karce shi.

Wa ya kamata ya sayi me

Wanda bai tabbata zai daɗe a harkar ba, ko ɗalibin da ke son hoton da zai isa a gane dangin gizo-gizon, ya sayi gilashin maƙalawa mai kyau ya yi kaka ɗaya da shi tukuna. Ma'aikacin gona, malamin kimiyya mai fita da ɗalibai, da duk mai yawo a babur tsakanin Wurno da Goronyo cikin ƙura da laka, TG ce tasa, tare da FD-1. In ya sami TG-6 ta hannu mai lafiyayyen murfi, bai rasa komai ba a wajen hoto. Wanda ke son kyamara ɗaya da za ta ɗauki tsuntsu a Tafkin Kware da safe, ta kuma ɗauki fuskar mai tsalle da hantsi, kuma bai damu da rataya ta a wuya ba, ya nemi FZ300 da DCR-150. Wanda zai buga hotunansa da girma, ko zai ba masu bincike su ƙirga gashi da idanu, kuma yana da haƙurin koyon filasha, ya tara kuɗin 60mm da jiki mai kariya daga ƙura, ya kuma ware na filasha da batir na biyu tun kafin ya biya na kyamarar.